Yadda ake tabbatar da ɗan aure tsakanin shinkafar Afirka da ta Asiya a ɗakin gwaje-gwaje

Samun ƙwaya a zangarniya bayan an haɗa auren shinkafa ba shi ne samun ɗan aure ba, wato shukar da ta gaji iri biyun da aka haɗa. Furen shinkafa yana ɗauke da namiji da mace a cikin ɓawo ɗaya, jakunkunan garin fure shida suna kewaye da macen, kuma bisa al'ada shinkafa kanta take barbara. Shi ya sa ake cire jakunkunan daga furen uwa kafin a sa masa garin uba. Idan wajen cire su aka manta da ɗaya, ko ɗaya ta fashe kafin tsinke ya kai gare ta, ƙwayar da za ta fito kwafin uwar ce, babu gadon uba a jikinta ko kaɗan. A ido kuwa ba lallai ne ka bambanta ta da ta gaskiya ba. Mai binciken da ya ɗora aikinsa a kan irin wannan ƙwaya zai iya ɓata damina biyu ko uku yana renon abin da ba shi ba ne.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: auren shinkafar Asiya, Oryza sativa, da shinkafar Afirka, Oryza glaberrima, wadda aka fara nomawa a yankin kogin Kwara na ƙasar Mali, wadda kuma har yanzu ake samunta a fadamun Sakkwato da Kebbi. Daga wannan aure ne sababbin irin shinkafa da ake kira NERICA suka fito, aikin da Monty Jones ɗan ƙasar Saliyo ya jagoranta a cibiyar WARDA, wadda yanzu ake kira AfricaRice, har ya sami lambar yabon abinci ta duniya a 2004. NERICA 1, wadda a Najeriya aka sani da FARO 55, ta fito ne daga WAB56-104 ta ɓangaren Asiya da CG14 ta ɓangaren Afirka. Na zaɓi wannan misali domin yana da wuya ta hanyar da take koyarwa: jinsunan biyu kusa suke ƙwarai, don haka wasu gwaje-gwajen da suke aiki a wasu amfanin gona ba sa cewa komai a nan.

Fara da iyaye, kafin ka taɓa ɗan

Duk gwajin da zai biyo baya kwatance ne. Ba a gane ɗan aure shi kaɗai, sai an ajiye shi tsakanin uwa da uba. Saboda haka tun ranar da aka haɗa auren, a yanki ganye daga ainihin shukar da aka yi uwa da ita da ainihin wadda aka ɗebi garin furenta. Ba daga wata shuka mai suna iri ɗaya ba, ba kuma daga buhun iri na ɗakin ajiya ba. Tsofaffin irin manoma sau da yawa gauraye suke, shuka biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a wurin da kake son gwadawa.

A rubuta sunan uwa da farko, na uba ya biyo baya, da kwanan wata, da fensir a kan lakabin da ruwa ba ya lalatawa. Lambar da ke kan zangarniya ita za ta bi ƙwayar zuwa tukunya, ta bi ganyen zuwa bututu, ta bi bututun zuwa jel, wato daskararren faifan da ake tura DNA a cikinsa da lantarki ya rabu layi-layi bisa tsawonsa. A ganina rikicewar lakabi ta fi lalacewar sinadari ɓata sakamako, kuma ita ba ta nuna kanta.

A shuka ƙwayoyin da ake zato tare da uwa da uba a rana ɗaya, a ƙasa iri ɗaya.

Duba da ido

Akwai wurin da shinkafar Afirka ba ta ɓoye kanta. Ka ja ganye baya kaɗan daga kara, ka dubi inda faffaɗan ganyen ya haɗu da kuben da ya naɗe karan. Za ka ga wata 'yar fata siririya a tsaye, ɗan harshen ganye. Na shinkafar Asiya dogo ne, mai tsini, galibi a tsage biyu. Na shinkafar Afirka gajere ne, bakinsa a dakushe. Zangarniyar ta Afirka kuma ƙananan rassanta kaɗan ne ko babu, ta Asiya kuwa cike take da su. Ɗan aure yakan nuna wani abu da uwar ba ta da shi, ko a tsawon harshen, ko a launin gindin kara, ko a tsarin zangarniya. Ka auna harshen da rula a ganye mai matsayi ɗaya a kowace shuka, ka rubuta milimita, kada ka dogara da "kamar ya fi gajarta".

Wannan mataki na tacewa ne kawai. Shukar da ta yi kama da uwa sak a komai abin zargi ce, amma kada a tumɓuke ta tukuna.

Gwajin garin fure da aidin

Wannan gwaji ba shi da tsada, kuma a wannan aure yana da ƙarfi sosai, domin ɗan aure na zuriyar farko, wato F1, tsakanin jinsunan biyu garin furensa kusan duka matacce ne. Babban dalili shi ne wani gurbin gado da ake kira S1 a kan kuromozom na 6 (kuromozom su ne ƙunshin gado da ke cikin ƙwayar halitta), wanda a jikin ɗan aure yake kashe ƙwayoyin haihuwar da suka ɗauko kwafin shinkafar Asiya, tare da wasu gurabe masu irin wannan aiki.

Da safe, kafin furanni su buɗe, ka tsinki 'yan furanni daga saman zangarniyar da ta fito, ka jefa su cikin itanol mai ƙarfin kashi 70. Shinkafar Afirka takan buɗe fure da wuri fiye da ta Asiya, don haka ka sammaka. Ka haɗa ruwan aidin: giram 2 na fotashiyam ayodaid a narkar da shi cikin ruwa kaɗan, a zuba giram 1 na aidin, a cika zuwa mililita 100, a ajiye a kwalba mai duhu. Ka ciro jakunkunan garin fure da tsinke, ka ɗora a gilashin madubi, ka ɗiga aidin ɗigo ɗaya, ka murƙushe su a hankali, ka kwashe ɓawon, ka rufe.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma, lafiyayyen garin fure zagaye yake, cike, ya yi baƙi wuluk saboda sitacin da ke cikinsa. Mataccen kuwa rawaya ne fayau, a motse, wani a lotse gefe ɗaya. Ka ƙirga aƙalla ƙwaya 200 daga wurare daban-daban na gilashin, ka fitar da kaso. Uwa da uba su cika fili da baƙi. Idan shukar da kake zato ita ma ta cika da baƙi, to kusan tabbas uwa ce ta barbari kanta.

Hattara ɗaya: zafi ma yana lalata haihuwar shinkafa, musamman idan ya haura digiri 35 lokacin fure. Wanda ya yi wannan gwaji a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi dole ya ɗebi na iyayen a safiya ɗaya da na ɗan. Idan su ma sun nuna matattu da yawa, laifin yanayi ne, gwajin bai faɗi komai ba.

Ƙirga kuromozom: a ina yake da amfani

A wannan aure kada ka wahalar da kanka. Shinkafar Asiya 24, ta Afirka 24, ɗansu ma 24. Amma inda iyaye suka bambanta a adadi, ƙirgan yana yanke hukunci. Gero yana da 14, ciyawar giwa da ake kira Napier tana da 28, ɗan aurensu da ake nomawa don kiwo yana da 21. Gyaɗa tana da 40, yawancin danginta na daji 20, ɗansu 30. Alkamar burodi 42, hatsin rai 14, ɗansu na farko 28.

Idan aikinka irin wannan ne, ka yanki kan saiwa mai sabon tsiro, ka jiƙa shi awa 2 zuwa 4 a ruwan haidiroksikwinolin domin kuromozom su tsaya su taƙaita, ka mayar da shi cikin haɗin itanol kashi uku da asid na asetik kashi ɗaya ya kwana, ka tausasa shi a asid na haidirokulorik mai ƙarfin 1N a digiri 60 na kimanin minti 8 zuwa 10, ka rina da asetokamin, ka danne da babban yatsa a ƙarƙashin takarda. A ƙirga a ƙwayoyin halitta da yawa, ba ɗaya ba. Inda akwai na'urar auna yawan DNA a cikin ƙwayar halitta, tana ba da amsar cikin mintuna daga guntun ganye da aka daddatsa da reza.

Ciro DNA daga ganye

Daga ganye, ba daga ƙwaya ba. Fatar ƙwayar shinkafa naman uwa ce, farin cikinta kuma kashi biyu na uwa ne, ɗaya na uba. Ka bari ta tsiro, bayan mako biyu zuwa uku ka yanki ɗanyen ganye kamar santimita 3. Ka goge almakashi da itanol tsakanin shuka da shuka. Idan ɗakin gwajin yana da nisa ko babu tabbacin firiza, ka sa ganyen a ambulan na takarda, ka rufe shi cikin leda tare da silika jel. Busasshen ganye yana daɗewa, kuma ya fi sauƙin niƙawa inda babu ruwan naitirojin.

Hanyar CTAB, wani sinadari mai kama da sabulu da ke fasa ƙwayoyin halitta, ita ce ta kowa da kowa. Ruwan haɗin yana ɗauke da CTAB kashi 2, gishiri 1.4 M, Tris 100 mM a pH 8, da EDTA 20 mM, sai a ƙara ɗan makaftoyitanol kashi 0.2 daf da fara aiki. Ka niƙe ganyen ya zama gari, ka zuba ruwan maikirolita 600 zuwa 700 da ɗuminsa, ka ajiye a digiri 65 na minti 30 zuwa awa ɗaya, kana juya bututun lokaci-lokaci. Bayan ya huce ka zuba haɗin kulorofom da aisoamil, 24 bisa 1, daidai yawan abin da ke ciki. Wannan a ƙarƙashin murfin zuƙe iska ake yinsa, da safar hannu, domin kulorofom guba ne, ba abin shaƙa ba ne. Ka juya a hankali, ka sa a santirifuj, na'urar da ke juya bututu da sauri, minti 10 a gudun juyi kusan 12,000 a minti.

Bututun zai fito hawa uku: kore mai duhu a ƙasa, wani farin dasƙararren abu a tsakiya, garau a sama. Na saman kawai kake so. Gara ka bar kaɗan a baya da bakin fifet ɗinka, wato abin zuƙar ruwa, ya taɓa na tsakiya. Ka zuba aisofurofanol mai sanyi kimanin kashi biyu cikin uku na yawansa, ka kifa bututun sau kaɗan, sau da yawa za ka ga DNA ya bayyana kamar ɗan zaren auduga. Ka sake juyawa a santirifuj, ka wanke ɗan farin da ya kwanta da itanol kashi 70, ka bar shi ya sha iska har warin itanol ya tafi, ka narkar da shi a ruwan TE, wato haɗin Tris da EDTA, maikirolita 50 zuwa 100. Itanol da ya rage yana hana PCR tashi, wato aikin ninka guntun DNA da za a yi a gaba. Idan akwai na'urar aunawa, rabon 260 bisa 280, awon da ke nuna tsabtar DNA, ya kasance kusa da 1.8. A tsarma duka samfuran su zo ƙarfi ɗaya, misali nanogiram 20 a kowace maikirolita.

Zaɓen alama

Nan ne zuciyar aikin. Alamomin SSR wurare ne a cikin DNA inda 'yan haruffa biyu ko uku, wato tubalan da aka jera DNA da su, suke maimaita kansu, kuma yawan maimaicin yana bambanta daga iri zuwa iri. Amfaninsu shi ne suna nuna kwafin uwa da na uba a lokaci ɗaya. Na shinkafa suna farawa da RM sai lamba, jerin haruffansu da matsayinsu a kan kuromozom a buɗe suke a rumbun Gramene a intanet.

Kada ka fara da 'ya'yan. Ka ɗauki alamomi 20 zuwa 30, ka gwada su a kan uwa da uba kaɗai. Wadda ta ba su layi a tsayi ɗaya ba ta da amfani a wannan aure. Ka riƙe waɗanda suka raba su a fili, da tazarar da ta haura haruffa 15 ko 20 idan jel ɗin agaros za ka yi amfani da shi. Ka kuma lura da ƙarfin layin uba. An tsara firaimomin RM, wato gajerun DNA da ke kama gefen alamar a PCR, daga shinkafar Asiya ne, saboda haka wasu suna kama ta Afirka da rauni, wasu ba sa kamawa sam. Alamar da uba yake ba da layi dishi-dishi shi kaɗai, a jikin ɗan aure layin zai iya ɓacewa gaba ɗaya, sai ka zubar da ɗan aure na gaske kana zaton kwafin uwa ne. Don tabbatar da F1, alamomi uku masu kyau a kan kuromozom daban-daban sun isa.

PCR da jel

Haɗin maikirolita 10 ya wadatar: rabi haɗaɗɗen ruwan PCR na kanti, firaima biyu, DNA kimanin nanogiram 20 zuwa 40, sauran ruwa mai tsabta. Na'urar ta fara da digiri 94 na minti 5, sai zagaye 35 na digiri 94, 55 da 72, kowanne daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ta rufe da digiri 72 na minti 7. Digiri 55 ya dace da yawancin alamomin RM, amma ka duba na kowace. Ka haɗa na'urar da batirin ajiyar wuta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar zagaye tana nufin sake komai.

Kowane jel ya ƙunshi rami na tsanin awo, wato guntayen DNA da aka san tsawonsu, na uwa, na uba, na ruwa zalla, da wani guda da mutane da yawa suke tsallakewa: DNA ɗin uwa da na uba da ka gauraya da hannunka rabi da rabi kafin PCR. Wannan rami yana nuna maka yadda ɗan aure na gaske ya kamata ya fito a wannan alama, a wannan jel, a wannan rana. Ni ban yarda da sakamakon da babu shi ba.

Agaros kashi 3 yana raba layukan da ke da tazara mai kyau. Idan tazarar ƙarama ce, sai foliyakirilamaid kashi 6 zuwa 8. A bar jel ya yi tafiya a hankali, gaggawa tana haɗe layuka biyu su zama ɗaya mai kauri. Idan da itidiyam buromaid ake rini, a sa safar hannu, a kare ido daga hasken UV, a zubar da shi inda aka tanada.

Karanta abin da ya fito

Fara da ramin ruwa. Idan akwai layi a ciki, an sami gurɓata, a watsar da jel ɗin gaba ɗaya. Sai ka dubi iyaye da gaurayen hannu. Bayan nan ne za ka dubi 'ya'yan.

Layi biyu, ɗaya daidai da na uwa, ɗaya daidai da na uba, a dukkan alamomi uku: ɗan aure ne. Layin uwa kaɗai a duka: uwa ta barbari kanta. Layin uwa da wani baƙon layi da ba na uba ba: garin fure ya shigo daga wata shuka, wataƙila jakar da aka rufe zangarniya da ita ta buɗe, ko akwai shinkafar daji a kusa. Layin uba kaɗai ba ya yiwuwa a ƙwayar da ta fito daga jikin uwa, wannan rikicewar lakabi ce. Idan alama ɗaya ta ce ɗan aure, biyu suka ce uwa, kada ka bi rinjaye, F1 na gaske yana ɗauke da kwafi biyu a ko'ina. Ka koma tukunya ka yanko sabon ganye.

A foliyakirilamaid wani lokaci ƙarin layuka marasa ƙarfi suna fitowa a saman na ɗan aure, saboda zaren uwa da na uba sun manne da juna. Idan suna nan a ramin gaurayen hannu ma, ba matsala ba ce.

Inda samfura suka kai ɗaruruwa, hanyar KASP ta fi sauƙi. Ita harafi ɗaya take dubawa, babu jel, sakamakon yana fitowa a allon kwamfuta gungu uku: na uwa a gefe, na uba a ɗaya gefen, 'yan aure a tsakiya. Ƙa'idar iyaye da ruwa zalla tana nan yadda take. Idan kuma tambayar ita ce wace shuka ce uwa a wani ɗan aure da aka tsinta a gona, sai a duba DNA na kuloroflas, domin a shinkafa ta wajen uwa ake gadonsa.

Zuriyar da ta biyo baya ta fi wuya

Tun da garin furen F1 matacce ne, ana mayar da shi uwa, a barbare shi da garin shinkafar Asiya, yawanci sau biyu, kamar yadda aka yi wajen samar da NERICA. Da kowane mayarwa rabon shinkafar Afirka yana raguwa da rabi: kashi 50 a F1, 25 bayan mayarwa ta farko, 12.5 bayan ta biyu, a matsakaici. Idan irin ya daidaita bayan zuriya da dama, layi biyu sun daina fitowa, kowane gurbi ko na wannan ne ko na wancan.

A nan alamomi uku ba su isa ba. Idan damar samun kwafin Afirka a kowane gurbi ɗaya ce cikin takwas, damar alamomi uku duka su nuna na Asiya ta kai kusan biyu cikin uku, alhali shukar tana da gadon Afirka. Da alamomi 24, biyu a kowane kuromozom cikin 12, wannan kuskure yana sauka zuwa kusan kashi 4 cikin 100. Ka kuma sa ran alamomin da ke kusa da S1 a kuromozom na 6 za su karkata ga kwafin Afirka fiye da lissafi a zuriyar mayarwa ta farko. Ba kuskuren hannunka ba ne, aikin gurbin ne.

Bayan an tabbatar

Ka ɗauki hoton jel tare da jerin ramuka a rubuce, ka haɗa shi da awon harshen ganye da kason garin fure a shafi ɗaya na littafin aiki, ƙarƙashin lambar shukar. Ka ajiye ragowar DNA a digiri 20 ƙasa da sifili, busasshen ganye kuma a silika. Gwajin DNA a gama shi tun shuka tana ƙarama, domin kafin fure ka riga ka san tukwanen da za ka tanadar wa garin fure.

F1 da aka tabbatar kuwa kada a bari ya ƙare da zangarniya ɗaya, tun da ba zai ba ka iri da kansa ba. Ka raba 'ya'yan gindinsa zuwa tukwane uku ko huɗu, kowacce da lambar asali, idan ya gama fure ka yanke shi taƙi ɗaya daga ƙasa ka ci gaba da ban ruwa ya sake tohowa. Ka shuka shinkafar Asiya da za ka mayar da auren gare ta kashi-kashi, tazarar mako ɗaya tsakani, domin duk ranar da ɗan auren ya fitar da zangarniya a sami sabon garin fure a kusa.